Tarihin Farautar Ɓoyayyen Abu a Ƙarƙashin Ƙasa

Ɓoyayyen abu, ko abu mai duhu, shi ne sunan da masana sararin samaniya suka ba wata halitta da ba ta ba da haske, ba ta kuma tare shi, amma nauyinta na jan taurari. Fritz Zwicky ya fara hango shi a 1933, da ya ga rukunonin taurarin Coma suna gudun da nauyinsu na bayyane ba zai iya riƙewa ba. Awon Vera Rubin da Kent Ford a shekarun 1970 ya ƙarfafa zancen. Yau ana ƙiyasta shi da kusan kashi 85 cikin 100 na duk abin da ke da nauyi a sararin samaniya.

Hanyar kama shi kai tsaye ta samo tushe a 1985, lokacin da Mark Goodman da Edward Witten suka nuna cewa ƙwayarsa na iya bugun cibiyar ƙwayar zarra, a auna bugun. Da yake tiririn da ke zubowa daga sama kan rufe irin wannan alama, sai aka gangara ƙasa. Sakamakon farko ya fito daga mahaƙar zinariya ta Homestake a Amurka a 1987. Yanzu na'urar LZ na wannan mahaƙar da tan 7 na ruwan zenon, XENONnT na ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, PandaX-4T kuma a Jinping ta Sin, mita 2,400 a ƙasa, duk suna jiran ƙyallin haske guda.

Masu suka na cewa shekara arba'in ke nan ba a kama komai ba, kuma alamar da gwajin DAMA ke iƙirarin gani tun 1998, gwaje-gwajen COSINE-100 da ANAIS-112 ba su tabbatar da ita ba. Gaskiya ne. Sai dai duk ramin da aka tona aka tarar babu kowa ya rage wa abin farauta maɓoya. Na'urorin sun yi kaifin da a 2024 XENONnT da PandaX-4T suka fara jin alamun ƙwayoyin niyutirino daga rana. Rashin samun ne kuma ya buɗe sababbin hanyoyi: gwajin SENSEI na ƙirga lantarki ƙwaya-ƙwaya a cikin silikon, gwajin ADMX na neman ƙwayar aksiyon, wadda wasu ke zaton ita ce ɓoyayyen abun, da maganaɗisu mai ƙarfi, wasu kuma sun ba da shawarar a duba tabon bugu a jikin tsofaffin duwatsu.

Babban abokin gabar waɗannan gwaje-gwaje shi ne tiririn uraniyom da iskar radon da yake haifarwa, domin suna kwaikwayon alamar da ake nema. Nan zancen ya iso Nijar, wadda ke haƙar uraniyom a Arlit tun 1971, kuma Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ke da cibiyar nazarin sinadarai masu tiriri. Ɗalibin da ya ƙware a awon tiriri a Yamai ya riƙe ainihin sana'ar da wannan farauta ta dogara a kanta, don haka ya dace a buɗa masa hanyar shiga cikinta.