Haywire: Daga Wayar Ɗaure Ingirici Zuwa Birkicewar Na'ura

Idan kwamfuta ta fara buɗe shafukan da ba a umarce ta ba, ko bugun zuciyar majiyyaci ya rikice, Ba'amurke yakan ce abin ya "go haywire". Kalmar haɗi ce ta "hay", wato ingirici, da "wire", waya. Ainihinta siririyar waya ce mai laushi da ake ɗaure damin busasshiyar ciyawa da ita.

A sansanonin masu saran itatuwa na arewa maso gabashin Amurka ta sami ma'ana ta biyu. Dawakai ne ke jan gungume, ana kawo musu ciyawa dami-dami, waya kuwa ta yi ta taruwa. Sarƙa ta tsinke, a ɗaure da ita. Ƙotar gatari ta tsage, a naɗe da ita. Wani ƙaramin ƙamus na kalmomin gandun daji da gwamnatin Amurka ta buga a 1905 ya kawo "haywire outfit" a matsayin baƙar magana ga kamfanin da kayan aikinsa duk faci ne. Ashe da fari talauci kalmar ke nunawa, ba hauka ba.

To, ta yaya ta koma rikicewa, ma'anar da ta kafu kafin 1930? Wasu sun ce abin da aka ɗaure da waya ba ya daɗewa sai ya watse. Wasu kuma sun dubi halin wayar kanta: da an datse ta sai ta yi tsalle, ta murɗe, ta cukurkuɗe ƙafar mutum ko ta doki. Bayani na biyun ya fi gamsar da ni, domin shi ya dace da yadda ake amfani da kalmar yau. Injin da ya mutu murus ba a cewa ya "go haywire". Sai wanda yake ta aiki, amma aikin banza, ba ya jin linzami.

Nan "haywire" ta sha bamban da "err", wadda ta fito daga Latin "errare", ɓacewa daga hanya. Ita "err" tana buƙatar mai laifi, shi ya sa alƙalai ke son ta a hukunci. Ita kuwa "haywire" ba ta tuhumar kowa, ko da mutum aka jingina wa ita, cewa ake yi kansa ya juye. Kalmar hira ce da kanun jarida, ba kasafai take shiga takardar kotu ba.