Kada ku ɓare kan sarkin nan

Jama'a, a watan Nuwamban 2025 aka cika shekara 100 da saukar jirgin sama na farko a Kano. Jirage uku ne na sojan saman Ingila, sun taso daga Masar a 1925 ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Ni abin da ya dame ni shi ne: ina takardun shaidar wancan zamani suke?

Da yawansu ambulan ne na wasiƙu. A duniya akwai masu tara wasiƙun da jiragen farko suka ɗauka, kuma sana'a ce mai tsohon tarihi. Ranar 18 ga Fabrairu 1911 wani matuƙi Bafaranshe, Henri Pequet, ya ɗauki wasiƙu kimanin 6,500 daga Allahabad zuwa Naini a Indiya, tafiyar kusan kilomita 10. Shi ake lissafawa a matsayin karo na farko da gidan waya ya aika saƙo ta jirgin sama a hukumance. A Amurka kuwa, a 1918 an buga wani kan sarki na santi 24, hoton jirgin ya fito a kife. Guda 100 ne kacal suka shiga hannun jama'a. A 2023 an sayar da ɗaya a gwanjo kan dala miliyan 2.

To, mu ma muna cikin wannan labari. A Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu daga Khartoum zuwa Kano, ta El Fasher da Fort Lamy (N'Djamena ta yau) da Maiduguri. Ku duba hanyar da kyau, kusan ita ce wadda kakanninmu suka bi a ƙasa zuwa Makka, wata da watanni, wani ma shekaru. Jirgi ya mai da ita 'yan kwanaki.

Hujjar tana jikin ambulan. Hatimin gidan wayar da aka aika yana gaba, na inda ta sauka galibi yana baya, kowanne da kwanan wata. Ka haɗa biyun, ka san kwana nawa ta yi a hanya. Kan sarki kuma ya gaya maka kuɗin da aka biya. Da zarar ka ɓare shi ka yar da ambulan, wallahi ka yaga shafin tarihi.

Irin waɗannan ambulan na Kano suna yawo a kasuwannin gwanjo na Turai, mu kuwa namu gara na ci a adaka. Ban ce kowanne kuɗi ne ba, yawancinsu ba za su sa ka yi arziki ba. Amma su ne shaidar cewa garin nan mahaɗa ce tun kafin a haife mu.

Don Allah ku duba kayan tsofaffinku. In kun samu, kada ku ɓare, kada ku liƙa masa salatif, ku ajiye inda babu laima. Wanda ya samu ya ɗauki hoton gaba da baya ya turo mu gani.