Ledar Kare Fentin Mota (PPF): Yadda Ake Liƙa Ta, Kuɗinta Da Tsawon Rayuwarta

Duk ɗan'uwan da ke zaune a Enugu, Onitsha, Aba ko Fatakwal, idan zai hau arewa da motarsa, yawanci ta 9th Mile zai biyo, ya wuce Otukpo da Makurɗi, ya faɗo Lafia. Tun da kamfanin China Harbour ya mayar da hanyar Keffi, Akwanga, Lafia zuwa Makurɗi tagwaye, har aka fara karɓar kuɗin tolget a 2025, gudu ya ƙaru sosai a kanta. To amma gudu yana da nasa haraji. Tayar tirela ko tipa ta ɗebo tsakuwa ta watso maka, ka iso gida ka tarar da gaban motarka duk ya yi tabo. Wannan ne ya sa yanzu ake ta yi wa mutanenmu tallan wata leda da ake kira PPF. Ga bayanin da ya kamata mutum ya sani kafin ya cire kuɗinsa.

Mece ce PPF?

Leda ce garau, ana hango fenti ta cikinta, ana liƙa ta a jikin mota don ta tare duka a madadin fentin. Kamfanin 3M na Amurka ne ya fara yin ta a shekarun 1960, lokacin yaƙin Biyetnam, domin kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi da tsakuwa. Daga baya ta shigo harkar motocin tsere, sannan ta iso motocin gida.

Kaurinta kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne, wato wajen maikiron 200. Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani kuwa, gaba ɗayansa yakan kai maikiron 100 zuwa 150 ne kawai. Ka ga kenan ledar ta fi fentin kauri. Mai kyau ana yin ta ne da wata roba da ake kira TPU, kuma samanta yana da wani rufi da idan ya ɗan karce, zafin rana ko ruwan ɗumi sai ya goge karcen da kansa. Sanannun kamfanonin da ke yin ta sun haɗa da XPEL, 3M, SunTek, LLumar da STEK.

Kada a rikita ta da wasu abubuwa uku. Akwai ledar canza launi, wadda ado ce kawai, siririya ce, kuma idan launin mota ya saɓa da wanda ke takarda za ka sha tambaya a shingen hanya. Akwai seramik, wanda ruwa ne ake shafawa ya daskare; yana sa ƙyalli da sauƙin wanki amma ba ya tare dutse. Sai tintet, wanda shi na gilashi ne.

Abin da take karewa da wanda ba ta iyawa

Tana tare tsakuwar hanya, karcen mukulli, gogar ɗan acaɓa ko Keke a cunkoso, kashin tsuntsu, ƙaron bishiya, da karcen da ƙurar hunturu ke yi idan yaro ya sa tsumma busasshe ya goge mota. Amma ba sulke ba ce. Idan danfo ta buge ka a Oshodi, ƙarfe zai lotsa da ledar a jikinsa. Kuma ba ta ɓoye aibi: idan aka liƙa ta a kan karce ko tsatsa, haka za ka riƙa ganinsu ta ciki.

Abu na farko: duba fentin motarka

Nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Mafi yawan motocin da muke hawa tokumbo ne, daga Berger ta Legas ko daga Kwatano, kuma da yawa cikinsu an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi hatsari a Amurka, aka gyara aka fesa musu sabon fenti. Fentin kamfani gasa shi ake yi da zafi mai tsanani, shi ya sa yake kama ƙarfe sosai. Na mai fentin bakin titi bai kai nan ba. Ranar da za a ɓare ledar, tana iya tafiya da fentin gaba ɗaya.

Don haka ka ce a auna maka da na'urar auna kaurin fenti. Idan ƙofa ɗaya ta nuna 120, ta kusa da ita ta nuna 350 ko fiye, to an sake fesa ta, wataƙila ma akwai fila a ƙasa. Yawancin waɗannan na'urori ba sa aiki a kan bamba saboda roba ce, sai dai ido ya duba. Idan kuma kwanan nan aka yi fentin, a jira aƙalla kwana 30 ya gama bushewa kafin a rufe shi.

Yadda ake liƙawa

Da farko a wanke motar tas, a cire kwalta da duk wani datti da ya manne, a yi mata folish. Sai a yanka ledar daidai kowane sashe. Manyan shaguna suna da injin da ke yanka ta daga kwamfuta bisa samfurin motar. Wasu kuma da reza suke yankawa a jikin motar, kuma idan hannu bai ƙware ba rezar tana tsaga fenti a ƙarƙashi, ba za ka sani ba sai bayan shekaru. Daga nan a fesa ruwa mai ɗan sabulu, a shimfiɗa ledar, a daidaita ta, a matse ruwan da robar gogewa, a naɗe bakin zuwa ciki.

Dole aikin ya kasance a rufaffen ɗaki mai tsabta. Wanda ya ce zai liƙa maka a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a watan Janairu, iska na kaɗo ƙura, to ka riƙe kuɗinka, domin duk ƙwayar yashin da ta shiga ta zauna kenan. Ƙwararrun masu wannan aiki sun fi yawa a Legas da Abuja, kuma daga Lafia zuwa Abuja tafiyar awa biyu zuwa uku ce. Gaban mota kawai yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu, mota gaba ɗaya kwana uku zuwa biyar. Bayan an gama, a bar ta kamar sati ɗaya ba wanki. Ƙananan kumburin ruwa da za ka gani a kwanakin farko suna bushewa da kansu, kada a soke su da allura.

Maganar kuɗi

Ledar daga waje ake shigo da ita, saboda haka farashinta dala yake bi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, duk kayan nan suka yi sama. A Amurka, rufe gaban mota da leda mai suna yakan ci wajen dala 1,500 zuwa 2,500, mota gaba ɗaya kuma dala 5,000 zuwa 8,000. A nan kuɗin aiki ya fi sauƙi, amma ledar ita ce dai.

Nadi ɗaya yawanci faɗinsa mita 1.52 ne, tsawonsa mita 15, kuma ƙaramar mota irin Corolla ko Camry za ta cinye kusan nadi guda. Jif kamar Prado ko Highlander za ta fi haka. To idan aka faɗa maka farashin da bai kai kuɗin nadin asali ba, ka san ba asalin za a sa maka ba.

Shekara nawa take yi?

TPU mai kyau tana yin shekara 5 zuwa 10, kuma manyan kamfanoni irin XPEL suna ba da garantin shekara 10 a kan jajayewa, tsagewa da ɓarewa, muddin wakilinsu ne ya liƙa. Mai araha da ake yi da PVC kuwa, shekara ɗaya ko biyu ta yi rawaya, ta bushe ta tsattsage, wajen cirewa kuma gam ɗinta ya manne a fenti. Zafin Lafia na Maris da Afrilu, ga motar da kullum a rana take kwana take yini, yana rage wa kowace iri kwana. A farar mota ne jajayewar ta fi fitowa fili.

Wajen kula da ita: a zuba ruwa ya sauke ƙura kafin a sa soso, a guji wanki da omo, kada a goge da fetur ko kananzir, kuma mai injin wanki kada ya saita bakin ruwan kusa da bakin ledar.

Wa ya kamata ya sa?

Mai sabuwar mota ko tokumbo mai fentin asali, mai tsada, wanda ke yawan bin doguwar hanya, shi ne zai ci ribarta, domin fentin asali yana ɗaga darajar mota ranar sayarwa. Shi ma ba lallai ya rufe ko'ina ba. Bonet, bamba, fenda biyu na gaba, madubai da fitilu su ne ke shan dukan tsakuwa. Mai tsohuwar motar da aka fesa sau biyu, ko ɗan kabu-kabu, gara ya sa kuɗin a taya da birki.

Kafin ka biya, ka tambayi sunan ledar, ka ga kwalinta da idonka, ka nemi a nuna maka motar da suka yi wa aiki shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, sannan a rubuta sunan ledar da shekarun garanti a jikin rasit. Allah Ya tsare hanya, Ya kai kowa gida lafiya.