Mahadiyya ta Tunusiya: wane tarihi ake nuna wa baƙo?

A cikin wannan ƴar ƙasida muna so mu duba wani ƙaramin gari na gaɓar tekun Bahar Rum, wato Mahadiyya ta ƙasar Tunusiya, mu ga dangantakar da ke tsakanin tarihin da aka rubuta a kansa da tarihin da ake nuna wa ɗan yawon buɗe ido. Abin da Faransawa ke kira patrimoine mu kan fassara shi da kalmar gado. To amma gado a wurin Bahaushe abu ne da ake rabawa bayan mutuwa, kowa ya san wanda ya samu da wanda aka hana. Da wannan ma'ana za mu kalli garin.

Mahadiyya tana kimanin kilomita 200 kudu da birnin Tunis, kusan kilomita 60 daga Susa, a yankin da mutanen ƙasar ke kira Sahel. Kada sunan ya ruɗe mu: a Larabci gaɓa yake nufi, kuma su gaɓar teku suke nufi da shi. Mutanen garin sun ɗan haura dubu 60 a ƙidayar 2014. Tsohon birnin yana kan wani siririn dutse da ya kutsa cikin teku, tsawonsa wajen kilomita ɗaya da rabi, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku. Turawan zamanin da “Afirka” suke ce wa garin gaba ɗaya, har yau kuma ƙarshen dutsen yana ɗauke da wannan suna.

Hanyar baƙo

Baƙon da ya zo daga otal-otal ɗin da ke jere a bakin rairayi, arewa da gari, hanya guda ce a gabansa. Zai shiga ta babbar ƙofa, Saƙifa Kahla, wato baƙin zaure, wani dogon soro mai duhu da ya wuce mita 30. Daga nan sai lungunan masaƙa da masu sayar da tsaraba, sai babban masallaci, sai ganuwar sojan Turkawa da ake kira Burjul Kabir, sai ƴar tashar jiragen ruwa da aka sassaƙa cikin dutse, sai maƙabarta mai fararen kaburbura da ta gangara har bakin ruwa. Yini ɗaya ya isa a zagaye su duka. Sunan da ke haɗa waɗannan wurare a takardun talla shi ne birnin Faɗimawa.

Idan muka ƙirga shekaru, sai mu ga abin ya yi ƙaranci. Halifa Abdullahi al-Mahadi ya tare a garin a shekara ta 921. Jikansa al-Mansur ya bar shi a 948, ya koma sabon birnin da ya gina kusa da Ƙairawan, Mansuriyya. Shekara 27 ke nan Mahadiyya ta yi tana fadar halifa. Ɗan al-Mansur kuwa, al-Mu'izzu, barin ƙasar ya yi ɗungurungum, ya isa Alƙahira a 973. Garin ya yi shekara fiye da dubu bayan haka, kuma mafi yawan abin da ido ke gani a yau cikin waɗannan shekarun aka gina shi.

Garin da tsoro ya gina

Ya kamata mu tuna dalilin kafa garin. Faɗimawa ƴan Shi'a Isma'iliyya ne. Sojojin Barbarawan Kutama ne suka kayar musu da daular Aglabawa a 909, aka naɗa al-Mahadi a Raƙƙada a farkon 910. Malaman Ƙairawan, waɗanda mafi yawansu Malikawa ne, ba su taɓa sakin jiki da sabon sarki ba. Shi ma bai saki jiki da kowa ba, tun da a 911 ya sa aka kashe Abu Abdullahi, mai wa'azin da ya kawo shi kan mulki. Mutumin da ke cikin wannan hali wurin da yake nema shi ne inda ƙasa ba ta iya kai masa hari sai ta ƙofa ɗaya, teku kuma tana buɗe a bayansa.

Haka aka yi. An datse wuyan dutsen, wanda faɗinsa bai wuce mita 175 ba, da katanga mai kaurin kusan mita 10. Al-Bakari, wanda ya yi rubutu a Andalus a 1068, shi ne dai wanda muke karantawa a kan Gana da Gao, ya ambaci ƙyamaren ƙarfe da babu itace a jikinsu, da tankunan ruwan sama 360, da tashar da ke ɗaukar jirage 30, wadda ake rufe bakinta da sarƙa. Tashar tana nan har yanzu, faɗinta bai kai kadada ɗaya ba, ƙananan kwale-kwalen masunta ne ke kwana a ciki.

Cikin katangar kuwa halifa ne da iyalinsa da fadawa da sojoji da taskar makamai. Talakawa da ƴan kasuwa a waje aka zaunar da su, a wata unguwa mai suna Zawila. Marubutan Larabci sun ruwaito cewa shagunansu suna cikin birni, gidajensu suna waje, ta yadda da rana an raba su da iyalinsu, da dare an raba su da dukiyarsu, ba halin su yi tawaye. Ko labarin ya faru haka ko ƙawa ce ta masu ruwaya, ya nuna yadda mutanen da suka zo daga baya suka fahimci tsarin garin. Abin da baƙo ke yabawa yau a matsayin kyawun wuri, wato teku ta ko'ina da ƙofa guda, dabarar tsaro ce ta mai mulkin da bai amince da waɗanda yake mulka ba.

Abin da ya rage tsaye

Bayan Faɗimawa garin ya sha canjin hannu. Sarakunan Banu Ziri sun fake a cikinsa a 1057 lokacin da Larabawan Banu Hilal suka mamaye karkara. Mutanen Pisa da Jenowa sun washe shi a 1087, Normandawan Sisiliya sun riƙe shi daga 1148 zuwa 1160, Muwahhidawa suka kore su. Rundunar Faransawa da Jenowa ta yi masa ƙawanya a 1390 ba ta ci nasara ba. Shekarar da ta fi muhimmanci ga mai nazarin gine-gine ita ce 1554. Sojojin Sipaniya sun ƙwace garin a 1550 daga hannun Dargut, jarumin tekun Turkawa. Da suka ga riƙe shi ya fi ƙarfin aljihunsu, sai suka dasa albarushi a gindin katangu, suka tayar, suka tafi.

Saboda haka ƙofar da baƙo ke ɗaukar hoto a gabanta, duk da harsashinta da soronta sun samo asali daga ƙarni na 10, siffar da take da ita a yau ta bayan 1554 ce, an sake ta don ta dace da zamanin igwa. Burjul Kabir na ƙarshen ƙarni na 16 ne. Fadar halifa da ta ɗansa al-Ƙa'imu, sai tushen bango da ɗan daɓen ado da masu tono suka fito da su.

Masallacin ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. An gina shi tun wajen 916 a kan filin da aka cike daga teku. Ba shi da hasumiya, ginshiƙai biyun da ke kusurwoyin gabansa ma'ajiyar ruwa ne. Babbar ƙofarsa mai fitowa waje, wadda ta yi kama da ƙofofin nasara na Rumawa, ana ɗaukar ta a matsayin ta farko irinta a ginin masallatai, kuma an ga tasirinta daga baya a masallatan Faɗimawa na Alƙahira. Wannan ƙofa da bangon arewa da rumfar da ke bayansu su ne na asali. Bangon alƙibla teku ta cinye shi tun ƙarni na 11, aka ja shi baya. Sauran ginin ya lalace a zamanin Sipaniya, mutanen gari suka yi ta gyara da ƙari gwargwadon ƙarfinsu har ƙarni huɗu. Tsakanin 1961 da 1965, ƴan shekaru bayan samun ƴancin ƙasar a 1956, wani masanin gini Bafaranshe, Alexandre Lézine, ya jagoranci aikin da aka rushe waɗannan ƙare-ƙaren, aka sake ɗaga masallacin bisa taswirar da tono ya nuna ta zamanin farko. Ɗakin sallar da ake gani yau bai kai shekara 70 ba.

Ba mu ce an yi algus ba. Lézine ya wallafa bincikensa a 1965, duk mai so yana iya bin hujjojinsa. Mu da muka san ginin laka ba za mu yi saurin cewa sabon bango ƙarya ne ba: hasumiyar Agadas ta ƙarni na 16 ce, an sake gina ta a 1844, ana kuma yi mata yaɓe a kai a kai, wannan bai hana Unesko sanya tsohon garin cikin gadon duniya a 2013 ba. Takardar Nara ta 1994 ma ta yarda cewa kowace al'umma tana da nata ma'aunin asali. Bambancin yana wani wuri. A Agadas magina suna ɗora hannu a kan aikin iyayensu ba tare da yankewa ba. A Mahadiyya an zaɓi ƙarni ɗaya, aka cire sauran don ya fito. Abin lura shi ne, ana tsakiyar wannan aiki ne, a 1964, masana suka amince da yarjejeniyar Benis, wadda ta nemi a mutunta gudummawar kowane zamani a jikin gini, ta kuma ce mayar da gini salo guda ba shi ne manufar gyara ba. A ganinmu sabuwar ƙasa tana bukatar daula mai girma a bayanta, daular da ta haifi Alƙahira, masallacin masunta da masaƙa na zamanin Turkawa bai biya wannan bukata ba. Cewa halifofin ƴan Shi'a ne, alhali ƙasar Malikiyya ce tun da Banu Ziri suka juya musu baya a tsakiyar ƙarni na 11, bai dami kowa ba, domin an riga an mayar da su ado.

Mai Jaki da mutanen kudu

Akwai wani ɓangare na tarihin garin da ya shafe mu kai tsaye, wanda kuma bai bar dutse ko ɗaya da za a nuna ba. Babbar barazanar da Mahadiyya ta fuskanta a zamanin halifofi ita ce tawayen Abu Yazidu Mahaladu ɗan Kaidadu, wanda ake wa laƙabi da Mai Jaki. Mahaifinsa falke ne Bazanate daga yankin Tozar da ke fatauci a ƙasashen Sudan, mahaifiyarsa baiwa ce da aka saya a can, kuma masu tarihi sun kai haihuwarsa Gao ko Tadmakka. Malamin allo ne, gurgu, ɗan wani reshe na Ibadiyya. Ya tayar da ƙabilun duwatsun Auras, ya ci Ƙairawan a 944, malaman Malikiyya da dama suka bi shi da farko saboda ƙin Faɗimawa. A 945 ya yi wata da watanni yana tsare da Mahadiyya, yunwa ta kori talakawa da yawa daga garin, amma katangar ba ta faɗi ba. Halifa al-Ƙa'imu ya rasu a 946, ɗansa ya ɓoye mutuwar har sai da ya kama Mai Jaki a 947. Bayan ya mutu da raunukansa aka feɗe shi, aka cusa wa fatar ciyawa, aka yi ta nuna ta. Littattafan Faɗimawa Dujal suke kiransa. Daga wannan nasara ɗan ya ɗauki sunan al-Mansur, kuma bayanta ne ya ga zai iya fita daga kan dutsen.

Sunan Zawila ma ya kamata ya tsayar da mu. Haka ake kiran garin nan na Fezzan inda hanyar Kawar ke ɓullewa, wanda al-Yaƙubi ya ambata a ƙarshen ƙarni na 9 a matsayin kasuwar bayi baƙaƙe. Rundunar Faɗimawa tana da ɓangaren da ake kira da wannan suna, kuma daga gare shi ƙofar Zuwaila ta Alƙahira ta samo nata. Masana da dama suna danganta sunan unguwar Mahadiyya da waɗannan sojoji. Idan haka ne, mutanen da aka ratsa da su ta Bilma da Dirku suna cikin waɗanda suka tsare ƙofar da baƙo ke shiga. Zinariyar da aka buga dinaren halifa da ita a garin, mafi yawanta ita ma ta ƙetaren Sahara ce. Zawila tana nan, unguwa ce ta gidajen zamani, ba ta cikin hanyar baƙo.

Yawon buɗe ido ya zo Mahadiyya bayan ya kafu a Susa da Manastir da Hammamat, kuma rairayi ne babban abin da yake sayarwa. Garin ba ya cikin jerin gadon duniya, alhali filin wasan Rumawa na Al-Jam, kilomita 40 daga nan, ya shiga tun 1979, Susa da Ƙairawan kuma a 1988. Harin da aka kai gidan tarihin Bardo a watan Maris na 2015 da na bakin tekun Susa a watan Yuni na shekarar sun kwashe baƙi daga gaɓar gaba ɗaya na wani lokaci. Abin da ya riƙe garin shi ne abin da ya riƙe shi tun kafin otal: kamun kifi, musamman sardin, da man zaitun, da saƙar siliki da maza ke yi a ƙananan ɗakuna cikin tsohon birni, wadda babbar kasuwarta kayan amaren garin ne.

Kayan tarihin da suka fi fitar da sunan Mahadiyya a duniya kuwa ba na Faɗimawa ba ne, ba su kuma cikin garin. A 1907 wasu Girkawa masu nutso neman soso suka ci karo da wani jirgi a zurfin wajen mita 40, ƴan kilomitoci daga gaɓa. Ya nutse ne wajen shekara 80 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗauke da ginshiƙan marmara kusan 60 da mutum-mutumin tagulla daga ƙasar Girka. Alfred Merlin ya jagoranci tsamo su daga 1907 zuwa 1913, Cousteau ya sake nutsawa wurin a 1948. Jirgin wucewa yake yi, iska ce ta kawo shi. An kai kayan Tunis, suna gidan tarihin Bardo.