Maɓoya da Mafaka: Hukuncin da Ke Cikin Zaɓin Kalma

Kalmar maɓoya, wadda wasu ke furtawa maɓuya, tana cikin jerin sunayen wuri da Hausa ke ginawa ta hanyar liƙa ɗafa-goshin ma- a gaban tushen aikatau da ɗafa-ƙeyar -a a ƙarshensa, kamar yadda aka samu makaranta daga karanta, da mahauta, da majema. Tushenta shi ne ɓoye ko ɓuya, don haka asalin ma'anarta ita ce wurin da mutum ko kaya ke kauce wa idon mai nema, ba tare da nuni ga laifi ko rashinsa ba.

Amfanin yau da kullum ne ya ɗora mata nauyin zargi, musamman idan aka jera ta da mafaka, wadda ta fito daga fake, aikin da mai gudun ruwan sama ko rana ke yi. Kogon Saur, inda Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar suka yi kwana uku lokacin Hijira a 622, wurin ɓuya ne a zahiri, amma mai wa'azi ya fi karkata ga cewa sun fake, domin su ne aka zalunta. Haka nan duwatsun Ningi, waɗanda Malam Hamza da jama'arsa suka nufa wajen 1846 bayan sun bar Tsakuwa saboda rikicin haraji, mafaka ce a wurinsu, alhali a idon masarautar Kano maɓoyar 'yan tawaye ce.

A labaran rediyo da jaridun yau, kalmar maɓoya ta kusan zama mallakin rahoton tsaro, inda ake jin maɓoyar 'yan bindiga a dazuzzukan Rugu da Kamuku, ko maɓoyar Boko Haram a Sambisa, dajin da a da gandun namun daji ne. Illar wannan ita ce, da zarar an kira daji baki ɗayansa maɓoya, makiyayi da manomi da mai saran itacen da ke rayuwa a cikinsa sun shiga sahun abin zargi. Saboda haka ya wajaba ɗan jarida da mai fassara su keɓe kalmar ga sansanin da aka tabbatar, su bar wa dajin sunansa, domin kalmar da ake yaɗawa kullum tana tasiri a kan yadda hukuma da jama'a ke kallon mazauna wurin.