Daga Kududdufin Yankara zuwa Akwatin Gilashi

Mu da muka tashi a Yankara da ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, da wuya a samu wanda bai taɓa kamo 'yan kifaye a kududdufi da damina ya zuba su a kwalba ba. Mu ɓoye su a ƙarƙashin gado, gari na wayewa mu tarar sun juya ciki sama. A lokacin mun ɗauka yunwa ce ke kashe su, ashe iskar da ke cikin ruwan ce suke shanyewa, ƙazantarsu kuma ta gurɓata ragowar.

Wannan matsala ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. A 1850 wani masanin sinadarai a Landan mai suna Robert Warington ya ba da rahoton gwajin da ya yi: ya saka kifaye biyu a tulun gilashi tare da ciyawar ruwa, daga baya ya ƙara dodon koɗi. Ciyawa na fitar da iskar da kifi ke shaƙa, kashin kifi na zame mata taki, dodon koɗi kuma na cinye gansakuka da ruɓaɓɓen ganye. Ruwan ya zauna lafiya ba tare da an canja shi ba. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kallon kifi, a 1854 kuma littafin Philip Henry Gosse ya sa akwatin gilashi ya shiga gidajen Ingila.

Ƙasar Hausa ma tana da nata kason a wannan tarihi. A 1928 Bajamushe Ernst Ahl ya bayyana wani ɗan kifi da aka samo a kogin Kiyawa, wajen Katagum, har yau sunansa na kimiyya, Pronothobranchius kiyawensis, na ɗauke da sunan Kiyawa. Rayuwarsa duka damina guda ce. Kafin kududdufi ya ƙafe yakan binne ƙwansa a laka, iyaye su mutu, ƙwan ya kwana rani cikin busasshen taɓo, ruwan farko na sauka ya ƙyanƙyashe. Wannan na cikin abin da ke sa mu ga kifi a ramin da babu rafin da ya shiga cikinsa, har a ce daga sama ya faɗo. Masu kiwon irin waɗannan kifaye a Turai kan aika wa juna ƙwan ta gidan waya cikin ƙasa mai danshi.

Abin da ya faru a Sin ya ishe mu ishara. A 1932 aka bayyana wani ɗan kifi mai tsawon kusan santimita 4 daga rafukan dutsen Baiyun, kusa da birnin Guangzhou. Sauƙin kiwonsa ya kai shi gidaje a faɗin duniya, amma gurɓatar ruwa ta kore shi daga mahaifarsa. Daga wajen 1980 aka shafe sama da shekara 20 ana zaton ya ƙare a daji, alhali yana nan birjik a akwatunan gilashi, kafin a sake gano shi a wasu 'yan wurare.

Mu ma yau muna cike kududdufai da shara don gina gidaje, muna wanke tankin feshin gona a bakin rafi. Ranar da aka cike kududdufi, an binne ƙwan da ke jiran damina, an kuma rasa masu cinye tsutsar sauro. In yaro ya shigo da kwalba a bana, mu samar masa mazubi mai faɗin baki, da ciyawar ruwa, da 'yan kifaye kaɗan, a inuwa. In abin ya gagara, mu raka shi ya mayar da su inda ya kamo su.