Hadarin Emil Nolde: Yadda Ya Hau Bangon Shugabar Jamus, Ya Kuma Sauka

A watan Afrilun 2019 aka sauke zane biyu daga bangon ofishin Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, a Balin. Ɗaya lambun furanni ne na 1915. Ɗayan, mai suna Brecher, na 1936, igiyar teku ce ta taso ta fashe da farin kumfa a ƙarƙashin gajimare mai ja da duhu. Duk biyun aikin Emil Nolde ne. An nemi aron na tekun ne domin wani baje koli a gidan zane na Hamburger Bahnhof, wanda ya tona alaƙar mai zanen da 'yan Nazi. Merkel ta miƙa duka biyun, ba ta kuma sake neman su ba. Nan gardama ta ɓarke: ya halatta mutum ya ci gaba da sha'awar zanen wanda zuciyarsa ke cike da ƙiyayya?

Sunan Nolde na yanka Hans Emil Hansen, ɗan manomi, an haife shi a 1867 a ƙauyen Nolde, cikin yankin da Danmak da Farusiya suka gwabza yaƙi a kansa shekara uku kafin nan. Ya koyi sassaƙar katako a Flensburg, ya koyar da zane a St. Gallen ta Suwizalan, inda ya riƙa zana duwatsun Alps da fuskokin mutane a kan katin gidan waya. Kuɗin katin ne suka 'yanta shi daga aikin albashi. Makarantar zane ta Munik ta ƙi ɗaukarsa. A 1902 ya auri Ada Vilstrup, ya kuma ɗauki sunan ƙauyensu ya mai da shi nasa.

Labarin gaske daga 1903 ya soma, lokacin da suka tare a tsibirin Alsen, ya kafa 'yar rumfar katako a bakin teku yana aiki a ciki. A 1906 samarin ƙungiyar Die Brücke ta Dresden, jagororin salon nan da ke fifita abin da zuciya ta ji a kan abin da ido ya gani, suka gayyace shi saboda guguwar launin da suka gani a aikinsa. Bai daɗe da su ba, a 1907 ya fice, domin ba mutumin taro ba ne. Tsakanin 1910 da 1911 ya yi jerin zanen tekun kaka: babu jirgi, babu mutum, sai ruwa da sama suna kokawa.

Masana da dama na cewa a wurin Van Gogh da Munch ya samo wannan ƙarfin launi. Ba na musun ya gan su, ya kuma ƙaru da su. Amma a ganina babban malaminsa ƙasar da ta haife shi ce. Arewacin Frisland, da ke wannan yankin, fadama ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, an yi mata ganuwar ƙasa don tare teku, gidaje kuma a kan tudun da mutane suka tara da hannu. A irin wannan wuri ido ba shi da dutsen da zai tsaya a kai, dole ya koma sama. Shi ya sa a zanensa ƙasa kan zama siririn zare a can ƙasan takarda, da ɗan gida mai rufin ciyawa da injin niƙa mai aiki da iska, sauran kuwa duk sararin samaniya ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili yana kallon hadari na haɗuwa ya san wannan nauyin.

Ga yadda yake yi. Sai ya jiƙa takardar Japan mai shan ruwa, ya tsoma buroshi ya cika shi fal da launi, ya ɗora. Shuɗi ya malale ya shiga ja, ruwan ɗorawa ya kutso ta ƙarƙashinsu, bakin gajimaren ya fito da kansa ba tare da an ja masa layi ba. Dole hannu ya yi sauri kafin takarda ta bushe, kuma abin da ya ɓaci ya ɓaci. Da ruwa ya zana ƙasar ruwa.

Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1920 kan iyakar Danmak da Jamus, gidan da yake zaune a ciki a Utenwarf ya faɗa ɓangaren Danmak. A 1926 ya sayi wani tudu a Seebüll, ɓangaren Jamus, ya gina gida, ya yanka hanyoyin lambu da siffar haruffan A da E, wato Ada da Emil.

Sai kuma abin da ba ya ɓoyuwa. A 1934 ya shiga ƙungiyar 'yan Nazi ta arewacin Schleswig. Ya tsani Yahudawa, ya rubuta haka da hannunsa, har ya kai ƙarar abokin sana'arsa Max Pechstein cewa Bayahude ne, alhali ba haka ba ne. Burinsa gwamnati ta karɓe shi a matsayin mai zanen Jamus na asali, amma Hitler ya ƙi jinin aikinsa. A 1937 aka kwashe ayyukansa 1,052 daga gidajen zane, aka baje wasu a Munik cikin abin da suka kira lalataccen zane. A 1941 aka hana shi sayarwa da baje koli. Duk da haka bai juya wa jam'iyyar baya ba har ta rushe a 1945.

Bayan yaƙi sai aka ɗauki rabin gaskiya aka yi mata ado. Aka ce dattijo ne da aka zalunta, wanda ya ɓuya a ɗaki yana yin ƙananan zane a asirce. Ya rasu a 1956, gidansa ya zama gidan tarihi, littafin Siegfried Lenz na 1968, Deutschstunde, ya ƙara wa tatsuniyar ƙarfi, shugaban gwamnati Helmut Schmidt kuma ya rataya Nolde a fadar gwamnati a Bonn. Ta wannan hanya Brecher ya iso bangon Merkel. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne: gidauniyar da ke kula da gidansa na Seebüll da kanta ta buɗe wa masu bincike, Bernhard Fulda da Aya Soika, wasiƙunsa.

Akwai masu cewa zanen ƙasar ma farfagandar ƙabilanci ce. Ban bi su har can ba, domin tekun kaka ya girmi jam'iyyar Nazi, kuma ba ita ta koya masa jiƙa takarda ba. Sai dai na yarda an yi daidai da aka sauke shi daga ofishin shugaba, don bangon nan da sunan al'umma yake magana. Wurinsa gidan zane, a rubuta abin da ya aikata a gefensa dalla-dalla, a bar mai kallo ya karanta, sannan ya ɗaga kai ya dubi hadarin.